Yaran Gefen Layin Dogo

Masu sauraro, ku leƙa unguwannin da suka tsiro a gefen layin dogo a Kafanchan da hantsi. Ga yarinya da farantin gyaɗa a ka, tana ba da canji ba kuskure, amma sunanta ya gagare ta rubutawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne, kuma dole. To, littafi da takalmi fa, wa zai saya?

Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya tana nan kusa tana yaye malamai. Shugabannin coci da na masallaci, daga Kagoro har cikin gari, ku buɗe wa yaran nan ajin yamma, a haɗa musu karatu da ɗinki ko gyaran waya.