"Sanyi ne": amsar da ta ishi duba-gari

Duba-gari ba su saba shan wahalar shiga gidajen unguwar nan ba sai bana. Tun da damina ta kankama a Kano aka tura su zagayen duba danshi da na'urorin sanyaya ɗaki, ganin yadda ake ta kai yara asibitin unguwa da tarin da ya ƙi jin magani. Sai aka riƙa tare su a zaure da "maigidan ba ya nan". Shi ya sa shugabansu ya roƙi mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa bayan La'asar.

Da aka taru, jami'in bai tsaya bayanin mece ce funfuna ba, don duk wanda ya taɓa manta burodi a leda ya san ta. Raɗe-raɗin cin tara da kwashe iyakwandishan ɗin mutane ma a taƙaice ya kashe su: babu tara, babu ƙwace. Abin da ya ci masa tuwo a ƙwarya amsa ɗaya ce da yake ji a kowane gida.

"Ranka ya daɗe, duk inda na ce tarin yaron nan daga ɗakin da yake kwana ne, sai a ce mini sanyi ne. An rage na'ura, an sa masa rigar sanyi, an sayo maganin tari a kyamis. To, tarin ya tafi?"

Aka yi shiru. Ya zaro wata raga daga buhu ya ɗaga ta sama. Ragar tace ƙura ce ta iyakwandishan, wadda ya ciro da izinin mai ita. Ramukanta sun toshe da wani abu toka-toka mai ɗigo-ɗigon baƙi, gefenta har yanzu da laima. Na gaba-gaba suka ja da baya, saboda tana warin tsohuwar tabarmar da ruwa ya doka.

Daga nan ya faɗi yadda abin ke faruwa. Ƙarfen da ke sanyaya iska a cikin na'urar gumi yake yi kamar kofin ruwan ƙanƙara a ranar zafi. Ruwan yana taruwa a wani faranti, tiyo ya kai shi waje. Ƙurar hunturu ta riga ta cika ragar, an ci gaba da aiki a haka duk bazara, tiyon ya toshe, ruwa ya kwanta. Ga ƙura, ga laima, ga duhu: funfuna ba ta neman abin da ya wuce haka, kuma cikin awa 24 zuwa 48 take fara kama wuri mai jiƙe. In aka ɗauke wuta na'urar ta tsaya a jiƙe, ɗaki a rufe. Da wuta ta dawo, sai na'urar ta feso ƙwayoyin funfunar a fuskar wanda ke barci.

Wani dattijo ya ɗaga hannu. Ya ce shi dai tun yana yaro ya san sanyi na sa mura, kuma jikansa da an kunna na'ura yake fara tari.

A gaskiya dattijon bai yi kuskure gaba ɗaya ba, domin iska mai sanyi tana iya tayar wa mai asma da ciwonsa. Jami'in ya amsa haka, amma muryarsa ta fara ɗagawa. "Baba, jikan nan naka in ya kwana a gidan kakarsa yana tarin? In ya je makaranta fa? Ciwon da ke tashi a ɗaki ɗaya, ya lafa in an bar ɗakin, ɗakin za a bincika." Ya ƙara da cewa tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan danshi da funfuna a gidaje, inda ta danganta su da tari, numfashi mai shaƙe-shaƙe da tashin asma.

Sai ya shiga labarin zagaye. Akwai gidan da ya tarar da fanka mai ruwa tana aiki tsakiyar watan Agusta, lokacin da iskar gari ta riga ta ƙoshi da laima, tankinta ya yi santsi don ba a taɓa zubar da ruwan ba, ƙari kawai ake yi. Da ya ja wadirof daga bango, bayanta baƙi ƙirin. Uwargidan ta ce ai sun sa an shafe da fenti bara. Fenti rufewa yake yi, ba ya kashewa.

Wanda ya fi tsaya masa a rai wani magidanci ne da ya warke daga tarin fuka. Cutar kan bar rami a huhu, kuma akwai nau'in funfuna mai suna Aspergillus da kan shiga ta zauna a ramin, mutum ya ci gaba da tari, wani lokaci har da jini. Shi ma da aka tambaye shi, cewa ya yi sanyi ne. "Don Allah, iyayena, irin wannan asibiti za a kai shi, ba bargo za a ƙara masa ba."

An fara kiran Magariba lokacin da ya tuna bai faɗi matakan ba, sai ya jero su a guje. A kashe wuta, a ciro raga a wanke da ruwa da sabulu, a bari ta bushe sarai. In ruwa ba ya ɗiga daga tiyon waje, ko yana bin bangon ɗaki, a kira mai gyara. Mai goge bango ya sa takunkumi da safar hannu, kada ya haɗa Hypo da wani maganin wanki. A buɗe taga in rana ta fito.

Mai unguwa ya ce za a fara da gidansa ranar Asabar. Jami'in ya roƙi duk wanda zai fita kasuwa ya bar wa iyalinsa izinin buɗe musu ƙofa.