'Yan Kweka da Musulmi: Darasin da Kwamitocin Sulhu Suka Ƙi Ɗauka



Tarihin kafuwar 'yan Kweka a Ingila a hannun George Fox, wajen shekarar 1652, sananne ne a wannan zaure: ba su da limami, ba sa rantsuwa, ba sa ɗaukar makami, kuma sun yi imani cewa akwai hasken Allah a zuciyar kowane ɗan Adam. Abin da ya kawo ni shi ne yadda suka yi magana da Musulmi, domin na daɗe ina jayayya da abokan aikina da ke ganin tattaunawar addinai ita ce taro a otal da sanarwar bayan taro.

A 1658 wata baranya mai suna Mary Fisher, wadda Kiristoci 'yan'uwanta suka yi wa bulala a Kambirij suka kuma tsare ta a Boston, ta kai kanta gaban Sarkin Daular Usmaniyya, Muhammadu na Huɗu, a sansaninsa na Adirna. Ya saurare ta har ta gama, ya sallame ta da mutunci.

Amma hujjata babba ita ce wasiƙar 1680. A lokacin akwai 'yan Kweka cikin matuƙan jirgin ruwa da aka kama ake bautar da su a Aljiyas. Fox ya rubuta wa mahukuntan garin, ya kafa musu hujja da Alƙur'ani, daga fassarar Turanci ta Alexander Ross ta 1649, yana nuna musu cewa azabar da ake gana wa fursunoni ta saɓa wa littafinsu. Fassarar nan cike take da kurakurai, Fox kuma bai bar Kiristancinsa ba ko na rana ɗaya. Duk da haka ya zauna ya karanta, ya nemi adalci da ma'aunin da mutanen suka yarda da shi. A cikin masu zaman kwamitocinmu, mutum nawa ne ya taɓa buɗe littafin abokin zamansa?

Masu cewa 'yan Kweka tsiraru ne, ko aƙidarsu ta yi sako-sako, ba su taɓo maganar ba. Tsirarun nan ne, Adam Curle da John Volkmar da Walter Martin, suka riƙa kai saƙo tsakanin Gowon da Ojukwu a yaƙin basasarmu, ba ɗan jarida, ba kyamara.

Buƙatata ba ta sauya ba. Kowane ɗalibi a sashen nazarin addinai ya karanta littafin ɗaya addinin a gaban malami mai bin wannan addini. Kuɗin tarukan otal kuma a mayar da su wajen horar da masu shiga tsakani da za su je inda rikici yake da ƙafarsu. Shugabannin sassa da ke zaune a nan, ku sa wannan a manhajar baɗi.