Anar: faifan Sakkwato da ƙarar jita ta danne

Gaisuwa ta musamman ga mutanenmu na yankin Fezzan, masu aikin gonakin dabino da lambu a Zighan da Samnu da Tamanhint, da direbobi da 'yan tebur na cikin Sabha. Yau maganar faifai ɗaya tak za mu yi. Sunansa Anar, kuma makaɗin jitar nan na Nijar, Mdou Moctar, shi ya naɗa shi a Sakkwato a 2008. Mai karatu, ba mamaki waƙoƙin faifan nan suna kwance a tsohuwar memorinka, ba ka ma san sunan mai su ba.

Kafin mu shiga Sakkwato, bari mu ɗan leƙa Amurka, don can ma ana wata gardama irin tamu.

Akwai kiɗan da ake kira thrash metal, wanda ya taso a farkon shekarun 1980. Jitar lantarki ce a ƙure mata murya, ganga tana gudu kamar ana korar ta, mawaƙi kuwa sai ka ce rigima yake yi. Ƙungiyoyi huɗu ne suka kwashe sunan: Metallica da Slayer da Megadeth da Anthrax. To amma in ka zauna da tsofaffin masoya wannan kiɗa, ba za a tashi ba sai an ambaci Exodus, 'yan yankin San Francisco, da faifansu Bonded by Blood. An gama naɗa shi a 1984, bai shiga kasuwa ba sai 1985. Kafin ya fito, Metallica ta riga ta saki faifai biyu, kuma tun 1983 ta ɗauke wa Exodus makaɗinta Kirk Hammett. Faifan bai gaza a kiɗa ba, jinkiri ne ya ci shi, wasu suka riga shi rijiya.

Wani abin lura kuma, kafin kamfanoni su kula wannan kiɗa, a kaset yake yawo. Yaro ya kwafa, ya sa a ambulan, ya aika wa wani yaro a wata ƙasa. Haka kaset ɗin gwaji na Metallica na 1982, No Life 'til Leather, ya bazu.

Ka ji wannan, kai da ka taso da kaset ɗin ishumar, ai ba baƙon labari ba ne a wurinka. Kalmar ishumar daga Faransanci ta fito, wato marasa aikin yi, samarin Abzinawan da fari na shekarun 1970 da 1980 ya koro daga Mali da Nijar zuwa Aljeriya da Libiya. A cikinsu Tinariwen ta taso, su Ibrahim Ag Alhabib, kuma a sansanonin soja na Libiya zamanin Gaddafi kiɗansu ya nuna. Babu kamfani, babu shago. Kaset ne daga hannu zuwa hannu, daga wannan mota zuwa waccan. Da wayar salula ta zo, sai memori da Bluetooth suka gaji kaset. Hanyar dai ita ce: Agadas, Dirku, Madama, Gatrun, Sabha. Abin da aka tura maka a tasha yau, jibi ya tsallaka iyaka.

A wannan duniyar Mdou Moctar ya fito. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan yankin Cintabaradan da Abalak a jihar Tawa. Gidansu gidan addini ne, ba a yi maraba da jita ba, don haka da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta farko. Bahago ne. Wanda ya kunna masa sha'awar kuwa shi ne marigayi Abdallah Oumbadougou, jigon jitar Abzinawan Nijar, wanda ya rasu a 2020. Kamar da yawa daga cikinku, Mdou ya taɓa zuwa Libiya ci-rani yana saurayi, ya san ɗacin aiki a ƙasar wasu.

To me ya kai shi Sakkwato? Duk mutumin Tawa ya san amsa. In ka bi ta Birnin Ƙwanni ka tsallaka Illela, Sakkwato ta fi maka Yamai kusa nesa ba kusa ba. Kuma a lokacin, arewacin Najeriya cike take da ƙananan situdiyo masu yi wa finafinan Hausa waƙa. Tun bayan fim ɗin Sangaya, waƙar fiyano ta zama ruwan dare. Ɗaki guda, kwamfuta, fiyanon Yamaha, makirfo, shi ke nan an gama. 'Yan Nijar ma suna ciki tsundum, ga Fati Nijar nan 'yar Maraɗi. Sai ga Ba'abzine da jitarsa ya shiga irin wannan ɗaki, aka yi masa aiki da kayan da ake yi wa 'yan nanaye. Abin da ya fito shi ne Anar.

Yanzu ga abin da za ka saurara in ka sa shi.

Fara da muryar. An bi da ita ta manhajar Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, duniya kuma ta san ta a waƙar Believe ta Cher a 1998. Aikinta shi ne ta auna sautin murya, ta ja shi zuwa matakin da ya fi kusa. In an sa ta yi a hankali, ba ka ma jin ta. In aka ƙure saurinta, sai murya ta daina zamewa, ta koma tsalle daga mataki zuwa mataki kamar mai hawa tsani. To mawaƙin Abzin ba ya tsayawa cak a kan sauti ɗaya, lanƙwasa shi yake yi, yana jan sa. Kowace lanƙwasa sai na'urar ta datsa ta gida-gida, muryar ta riƙa karkarwa. Wannan karkarwar ita ce gishirin faifan. Waƙoƙin na soyayya ne da kewa, abin da Abzinawa ke kira assuf, kuma muryar da ke rawa haka ta fi kama da ta mutumin da ke danne kuka.

Sai gangar. Ta inji ce, ba hannun mutum ba, ba ta gajiya, ba ta ƙara sauri. Wasu suna ganin wannan aibi ne. Amma ka lura da abin da ta bar wa jita: tun da ganga ba ta motsawa daga inda take, duk wani numfashi na waƙar ya koma kan yatsun makaɗi. Kuma a nan za ka ji Mdou ɗin da bai fara gudu ba tukuna. Jimla ce gajera yake maimaitawa, ya ɗan murɗa ƙarshenta, ya dawo. Duk abin da zai yi daga baya a manyan dandali, irinsa yana nan a shuke.

Na uku, faifan ya dace da bakin da zai fito. Ƙaramar lasifikar waya ba ta ɗaukar sauti mai kauri, cinye shi take yi. Siririyar murya mai kaifi kuwa ratsawa take, ko injin ban ruwa yana ruri a gefe. Wanda ke zaune bakin garwashi yana jiran shayi ya nuna a gona a Zighan, waya jingine da buta, shi aka yi wa Anar.

Faifan bai fito a hukumance ba a 2008. Waƙoƙin ne suka kama hanya da kansu. A garin Kidal na Mali wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a cikin wayoyin mutane, mai suna Tahoultine. Ya sa ta a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, Music from Saharan Cellphones, kuma sai da ya sha nema kafin ya gano mai waƙar. Daga nan ƙofa ta buɗe. Afelan ya fito a 2013. A 2014 aka buga Anar a faifan garmaho, shekara shida bayan naɗa shi. A 2015 aka fitar da fim ɗin da aka ɗauka a Agadas da harshen Tamashek, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka gina a kan Purple Rain na Prince, Mdou ne jarumin.

Sai kuma ƙara ta zo. Ilana a 2019, wanda aka naɗa a Detroit. Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, duka a kamfanin Matador. A waɗannan biyun ƙungiya ce cikakka, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganga, Mikey Coltun a jitar bas. Gudun gangar da kukan jitar sun kai inda masoya kiɗa mai nauyi, irin waɗancan na Exodus, suka miƙe tsaye. 'Yan jaridar Turai da Amurka suna jera shi da Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. Waɗannan faifai sun cancanci yabon da suka samu, musamman yadda suke faɗa wa Faransa da shugabannin Afirka gaskiya ba kwana-kwana.

Amma a cikin wannan hayaniya Anar ya koma bayan ɗaki. Bature mai son jita yana ɗaukar sa wasan ƙuruciya, kafin gwani ya gane hanya. Mai kishin gargajiya ya ce na'ura ta ɓata muryar Sahara. Mu Hausawa kuwa, da yake ba da harshenmu aka rera ba, ba mu lissafa shi a namu, alhali a situdiyonmu aka dafa shi, da hannun masu yi wa finafinanmu kiɗa. Kowa ya tura wa wani, faifai ya zama maraya.

Ga dalilin da ya sa na ce a koma masa. Ba don Anar ba, da Tahoultine ba ta isa Kidal ba, da babu Detroit, babu Matador. Kuma jama'ar Sahel ne suka zaɓe shi tun kafin wani ɗan jarida ya san da shi, da babban yatsa, kowa ya ga ya isa a tura wa aboki. Sannan shi ne shaidar da muke da ita a kunne cewa Bahaushe da Ba'abzine ba a kasuwar gishiri da dabino kaɗai suke haɗuwa ba. Ayarin Bilma da Agadas da Kano ya daɗe yana haɗa su, ga shi a 2008 sun haɗu a gaban kwamfuta.

Akwai kuma abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Waƙar da ke zaune a memori kaɗai ba ta da tsawon rai. Waya ta faɗa rijiya, ko a ƙwace ta a shinge a hanya, ko memori ta ƙi buɗewa, shi ke nan. Sunan mawaƙi ma goguwa yake yi a hanya, wani ya sa wa waƙa lamba, wani ya sa sunan budurwarsa. Mai waƙa kuma ko sisi ba ya gani, komai yawan masu ji. Mdou ya yi sa'a an neme shi. Samari nawa ne suka shiga situdiyo a Sakkwato da Kano da Maraɗi da Damagaram a waɗannan shekaru, waƙarsu ta zaga Sahara, babu wanda ya buga musu waya?

Don haka mai karatu, in kana da tsohuwar memori a ƙasan jaka, ka ciro ta. Ka kwafe abin da ke ciki zuwa wuri na biyu. Waƙar da ka san mai ita, ka rubuta sunansa a jiki kafin ka tura wa wani. In kana da hali, Anar yana nan a intanet a shafin Sahel Sounds, inda ake saye kuɗi ya kai ga mai shi. Ka sa shi da dare bayan an kashe inji, ka ji shi daga farko har ƙarshe, sannan ka sa Afrique Victime a bayansa, ka ji yadda hannu ɗaya ya yi duka biyun.

Mutanen Zighan da kewaye, Allah ya ba da sa'ar aiki, ya mai da kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.