Wakafi da Sana'ar Samari a Ƙasar Madarunfa

  

Duk wanda ya san ƙasar nan ta Madarunfa, tun daga Safo da Sarkin Yamma har Gabi da Ɗan Isa, ya san cewa da zarar an ɗaure dammunan gero an cika rumbuna, sai gari ya soma raguwa, samari su ɗauki ƴan jakunkunansu su nufi Kano ko Legas, wasu su bi ta Agadas har Libiya da Aljeriya, a bar tsofaffi da mata da ƙananan yara suna jiran aike. Abin da ke ɗaure kai shi ne ƙasar da suke bari ba faƙo ba ce. Allah Ya ba mu tafki mai kifi, wanda kaburburan waliyyai 99 suke kewaye da shi, har aka shigar da shi jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Ya ba mu fadamar Gulbin Maradi, da lambunan Jiratawa inda zogale da tattasai ba sa yankewa, da dajin Babban Rafi, ga kuma iyakar Najeriya a bakin ƙofa. Saurayin da yake tafiya bai raina wannan ni'ima ba. Ya duba ne ya ga ba shi da jari, ba shi da sana'a a hannu, babu kuma wata dukiya ta jama'a da za ta riƙe shi har ya tsaya da ƙafarsa.

Ba za a ce mu baƙin taimakon juna ba ne. Kakanninmu sun san gayya, sun san adashi, amma gayya tana watsewa da faɗuwar rana, adashi kuma yana ƙarewa idan na ƙarshe ya kwasa. Bayan samun mulkin kai gwamnati ta kafa hukumar UNCC a 1962 don rance da ƙungiyoyin manoma, a zamanin Janar Seyni Kunce kuma aka raya Samariya, wadda ta gina azuzuwa da yawa da gumin ƴaƴanta, kuma ba zan tauye wa kowa ladansa ba. Sai dai mafi yawan waɗannan daga sama suka sauko, saboda haka ba su ɗore ba. Haka bankunan cimaka da aka yawaita bayan shekarun fari, musamman bayan yunwar 2005 da ta yi wa jihar Maradi mugun kamu: nawa ne suka rage da hatsi a ciki, nawa ne suka koma ɗaki mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo mai tsatsa, saboda an ci bashi ba a biya ba, kowa yana cewa ai kayan Nasara ne?

Ku dubi kuwa abin da iyayenmu mata suka yi. A 1991, a ƙauyukan jihar nan tamu, ƙungiyar CARE ta soma tsarin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara, ba tare da ta zuba musu jari ba. Mata kimanin talatin sukan shimfiɗa tabarma mako-mako, a ajiye akwatin ƙarfe a tsakiya mai kwaɗo uku, mabuɗansa a hannun mata uku dabam, ita kuma mai ajiyar akwatin ba ta riƙe ko ɗaya. A kira sunan kowace ta kawo zubinta, a ƙirga da babbar murya a gaban idon kowa, a tambayi taro nawa aka bari a makon jiya, su amsa baki ɗaya, domin da yawansu ba su yi lakkwal ba, ƙwaƙwalwarsu ce littafinsu. Da wannan kuɗi wata ta sayi gyaɗa ta yi mai da ƙuliƙuli, wata ta sayi jar akuya ta yi kiwo. Tsarin da aka haifa a nan ya bazu ƙasashe masu yawa na Afirka da wajenta. Ya ɗore ne domin kuɗin nasu ne, lissafin kuma a fili yake. Haka nan kasuwannin itace na karkara da dokar 1992 ta halatta, waɗanda aka kafa a gefen Babban Rafi, sun nuna cewa idan wani kaso na haraji ya tsaya a ƙauye, mutane sukan kula da daji, ko da yake rashin tsaro ya dagula al'amarin a shekarun nan.

To amma asusun mata, duk da albarkarsa, raba shi ake yi a ƙarshen zagaye, kowa ta ɗauki rabonta a sake sabon zubi, don haka ba zai iya ɗaukar nauyin abin da ke buƙatar shekara ashirin ba. Abin da nake kira gare shi, ya ku malamai, ba baƙo ba ne a wurinku, domin yana nan cikin Risala da Muhtasar da kuke karantarwa a zaure, a babin hubusi, wato wakafi: a tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonta, a riƙa ciyar da amfaninta a kan abin da mai bayarwa ya ayyana. Sayyidina Umar ya yi haka da gonarsa ta Haibara, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa mutanen Madina, kuma da irin wannan dukiya ce Azhar ta Masar da Ƙarawiyyin ta Fas suka rayu ɗaruruwan shekaru alhali dauloli suna tashi suna faɗuwa. Mazhabarmu ta Imamu Malik ta sauƙaƙa al'amarin ƙwarai, domin ta yarda a yi wakafi na ƙayyadadden lokaci, ta yarda da na dabba da kayan aiki, har da tsabar kuɗi don a riƙa rantawa ana mayarwa ba tare da ƙari ba, wanda kuwa zai kwantar da hankalin masu ƙyamar ribar da ake ɗorawa kan rance. Misalinsa saniyar tatsa ce, a sha nono a bar uwa.

Mu kuwa a nan, idan attajiri ya yi niyyar sadaka mai gudana, masallaci kaɗai yake tunawa, har ka ga unguwa ɗaya da masallatai uku suna kallon juna, alhali famfon unguwar ya shekara a lalace don an rasa kuɗin gyara. Gina masallaci alheri ne babba, amma da ɗaya cikin ukun nan ya zama jerin shaguna a bakin kasuwa, kuɗin hayarsu yana shiga asusun gari wata-wata, da an sami abin gyaran famfo, da rufin aji idan iska ta yaye shi, da man motar da za ta kai mai naƙuda Maradi cikin dare.

Babban abin da nake so wannan dukiya ta ɗauka shi ne koyon sana'a, kuma ba sai an gina katafariyar makaranta ba, domin malaman suna nan a bakin titi: mai walda, da kafinta, da tela, da mai gyaran injin ban ruwa, da mai haɗa farantan hasken rana. Yaro yakan shekara biyar a wurin ubangidansa, ya iya aiki sarai, ranar da aka yaye shi sai ya rasa ko guduma tasa ta kansa, sai ya koma kabu-kabu da babur ɗin wani, ko ya jera kwalaben mai a bakin hanya. Mun kuwa ga raunin wannan hanyar neman abinci lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, da kuma lokacin takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasarmu a 2023, sa'ad da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta yi tsit, gidaje da yawa suka rasa na cefane. Asusun wakafi zai iya biyan ubangida ladan koyarwa, ya ciyar da almajirin sana'a, sa'an nan ya ranta masa keken ɗinki ko injin walda ya biya sannu a hankali, abin da ya mayar kuma a saya wa na bayansa. Kada a manta da ƴanmata, da ƴaƴan masunta waɗanda yashi yake cinye musu tafki shekara bayan shekara, suna buƙatar koyon kiwon kifi da gyaransa.

Na san abin da ke zukatanku, wato wa za a ba amana. Shari'a ba ta bar wannan ga zato ba. Ta shar'anta cewa dukiyar ta fita daga hannun mai bayarwa tun yana da rai da lafiya, in ba haka ba wakafin ya ɓaci ya koma gado. Saboda haka duk gona ko fili da aka bayar, a kai shi gaban kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, a rubuta, sarki da liman da magada su sa hannu, tun da ƙasarmu ma ta yi dokar wakafi a 2019. A naɗa naziri mai wa'adi, wanda ba mai neman kujerar siyasa ba, a kewaye shi da majalisa wadda mata za su riƙe mabuɗi a cikinta, tun da su ne suka nuna mana sun iya. Sau biyu a shekara, bayan girbi da gabanin shuka, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a, da Hausa, a ƙofar fada, a kuma bar kowa ya yi tambaya, ko da kuwa yaron da aka ranta wa keke ne. Waɗanda suke cin rani a Kano da Legas da Tamanraset su ma a buɗe musu ƙofa su aiko da nasu, a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, ko jikka ɗaya ce.