Cushen Burodi da Tukunyar Sannu: Darasi daga Ɗakin Girkin Amurka



Wannan zaure ya saba jin jawabai a kan siyasa da tattalin arziki, saboda haka ba mamaki waɗansu su ga kamar maganar girki ba ta kai a tara mutane dominta ba. Amma da yawa daga cikinmu za su tafi ƙasashen waje ƙaro ilmi ko halartar kwas, za a gayyace su cin abinci a gidajen mutane, waɗansu kuma za su komo da na'urori a cikin akwatunansu. Don haka muka zaɓi abinci guda na mutanen Amurka, da tukunya guda da ake dafa shi a cikinta, domin mu nuna cewa kowace na'ura tana tafe da sharuɗɗan ƙasar da aka ƙera ta dominta, kuma wanda ya ɗauko na'urar ya baro sharuɗɗan, to, ya ɗauko wa kansa rigima.

Bari mu fara da bikin. Mutanen Amurka suna da wata rana da suke kira Ranar Godiya, wadda dangi ke taruwa daga nesa da kusa su ci abinci tare. Shugaba Abraham Lincoln ne ya yi shelar a riƙa kiyaye ta a ƙasa baki ɗaya cikin 1863, ana tsakiyar yaƙin basasarsu, sa'an nan cikin 1941 majalisar dokokin ƙasar ta tsayar da ita a ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Sarkin teburi a wannan rana shi ne gasasshen talo-talo. Wazirinsa kuwa shi ne abin da suke kira sitafin, watau busasshen burodi da aka yayyanka, aka haɗa da albasa da man shanu da ganyayen ƙamshi da romo, aka cusa a cikin tsuntsun kafin a gasa shi. Mu a nan za mu kira shi cushen burodi.

Dabarar cusa haɗi a cikin nama tsohuwa ce ƙwarai. Littafin girkin Rumawa da ake jingina wa Apicius yana ɗauke da hanyoyin cusa kaza da zomo, kuma littafin girki na farko da wata Ba'amurkiya ta rubuta, watau na Amelia Simmons wanda ya fito cikin 1796, ya bayyana yadda ake cusa talo-talo da burodin alkama. Asalin hikimar ita ce gudun ɓarna. Burodin da ya kwana biyu ya yi tauri ba a zubar da shi, sai a mai da shi abin da zai sha romon nama, ya ƙara yawan abinci, ya ƙosar da baƙi. Kowane yanki kuma da irin nasa: a jihohin kudu da burodin masara suke yi, a Pennsylvania akwai masu haɗawa da dankalin Turawa. Ya kamata kuma wanda aka gayyata ya sani cewa gidaje da yawa suna zuba naman alade a cikin haɗin, saboda haka wanda ba ya ci, ya tambaya da ladabi kafin ya ɗiba.

To, me ya fitar da cushe daga cikin talo-talo ya kai shi cikin tukunya? Dalilai uku ne.

Na farko shi ne lafiya. Ɗanyen naman tsuntsu yakan ɗauko ƙwayoyin cuta, musamman wadda ake kira salmonela, mai haddasa gudawa da amai da zazzaɓi. Idan aka cusa burodi a cikinsa, burodin yana tsotse ruwan ɗanyen naman, alhali kuwa tsakiyar cikin tsuntsun ce wurin da zafi yake isa daga ƙarshe. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta ƙayyade cewa lalle ne tsakiyar cushen ta kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyos, watau 165 a ma'aunin Faranhait da suke amfani da shi can. Sau da yawa kafin tsakiyar ta kai wannan zafi, naman ƙirji ya riga ya bushe ya zama kamar kara. Mai girki sai ya rasa tudun dafawa: ya sauke da wuri ya jefa baƙinsa cikin haɗari, ko ya jira ya lalata naman da ya kashe kuɗi a kansa. Shi ya sa ma'aikatar take ba da shawarar a dafa cushen dabam.

Na biyu shi ne ƙarancin wuri. Yawancin gidaje tanderu ɗaya gare su, babban talo-talo kuwa yakan mamaye shi na tsawon awa uku zuwa biyar. Duk abin da za a iya dafawa a wani wurin, sauƙi ne ga uwargida.

Na uku shi ne lokaci, kuma a nan ne tarihin tukunyar ya shigo. Wani injiniya mazaunin Chicago, Irving Naxon, ya ji labari daga mahaifiyarsa na yadda Yahudawan garin Vilna, a ƙasar Lituweniya, suke dafa wani abinci na wake da nama. Da yake addininsu ya hana su hura wuta ran Asabar, sai su kai tukwanensu gidan burodi tun ran Juma'a da yamma, a sa a cikin tanderun da aka gama gashi, sauran zafinsa ya yi ta dafa abincin a hankali har gari ya waye. Naxon ya ƙera tukunyar lantarki mai yin wannan aiki, ya sami takardar mallakar ƙirar cikin 1940. Cikin 1970 kamfanin Rival na birnin Kansas ya saye kamfaninsa, cikin 1971 kuma ya fito da tukunyar da sunan Crock-Pot. Ta zo a kan gaɓa. Matan Amurka masu aiki ko neman aiki sun tashi daga kimanin kashi 43 cikin ɗari a 1970 zuwa fiye da kashi 51 a 1980, ga kuma tsadar makamashi da ta biyo bayan rikicin man fetur na 1973. Tukunyar da za a jona da safe, a tafi ofis, a dawo a tarar da abinci ya nuna, ba tare da ta ci wuta mai yawa ba, lalle ta sami kasuwa. Mu za mu kira ta tukunyar sannu.

Ƙirarta ba ta da wuya. Kasko ne mai kauri na yumɓu, yana zaune a cikin gidan ƙarfe mai wayoyin zafi, da murfi mai nauyi a kai. Murfin yana tare tururi, yumɓun yana riƙe zafi ya rarraba shi daidai. Da waɗannan abubuwa uku, watau zafi mara yankewa da tururi da tsawon lokaci, take kashe ƙwayoyin cuta.

Ga yadda ake yin cushen da zai ishi mutum takwas. A sami burodi rabin kilo, a yanka shi ƙanana kamar girman dabino, a shanya shi a faranti kwana ɗaya ko biyu, ko kuwa a busar da shi a tanderu mai ɗan zafi na kimanin minti 45. Wannan mataki shi ne ginshiƙin aikin, domin burodi mai laushi in ya sha romo sai ya narke ya zama kamar kunu, busasshe kuwa yana shanye romon ya kuma tsaya da siffarsa. Sai a narkar da man shanu giram 100 a kasko, a soya manyan albasa biyu da sanda uku na ganyen seleri har su yi laushi, a zuba gishiri da masoro da tayim da wani ganye mai ƙamshi da suke kira seji, wanda shi ne ke ba cushen ƙamshin da aka san shi da shi. In za a sa nama, a dafa shi tukuna har ya nuna sarai. A juye duka a kan burodin, a zuba romon kaza kimanin rabin lita kaɗan kaɗan ana juyawa, sa'an nan a kaɗa ƙwai biyu a haɗa. Ana so kowane yanki ya jiƙa sosai, amma kada romo ya kwanta a ƙasan kwano.

A shafe cikin tukunyar da man shanu, a zuba haɗin nan take, sako-sako, kada a danna, kada kuma ya wuce kashi biyu cikin uku na tukunyar. A rufe, a sa a babban zafi na awa ɗaya aƙalla, kana a rage zuwa ƙaramin zafi na awa uku zuwa huɗu. Hikimar farawa da babban zafi ita ce, tsakanin digiri 4 da digiri 60 ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri, don haka ake so abincin ya ratsa wannan tsakani da gaggawa. Kada a yawaita buɗe murfi, gama kowane buɗewa yana fitar da tururi ya ƙara wa dahuwar kimanin minti 20. A ƙarshe a soka ma'aunin zafi a tsakiya. In ya nuna 74, abinci ya nuna. Ido da hanci ba su isa shaida a nan ba.

Tukunyar tana da nakasu guda wanda ya kamata mu faɗa. Tururi ba ya soya abinci, saboda haka saman cushen ba zai yi ja ya yi ƙamas-ƙamas kamar na tanderu ba, sai dai ɗan ƙanzon da yakan kama a gefe, wanda yara ke rububinsa. Maganin wannan shi ne, sa'ad da aka fitar da talo-talo domin ya huta kafin a yanka, sai a juye cushen a faranti a sa shi a tanderun na minti 10 zuwa 15.

Yanzu bari mu komo gida, domin a nan ne maganar ta shafe mu. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, amma sai in wutar ba ta mutu a ƙarƙashin dutsen ba. Duk amincin tukunyar sannu ya rataya ne a kan lantarkin da ba ya yankewa. Ma'aikatar da muka ambata ta yi gargaɗi cewa in wuta ta ɗauke alhali ba kowa a gida, to, a zubar da abincin ko da ya yi kama da ya nuna, domin ba wanda ya san tsawon lokacin da ya yi yana ɗumi-ɗumi. In kuwa ana gida, a kwashe nan da nan a ƙarasa a kan risho ko gas ko gawayi. To, ku duba ma'aikacin da ya jona tukunya da ƙarfe bakwai na safe, ya tafi ofis, wuta ta ɗauke da ƙarfe tara ta dawo da ƙarfe biyu. Da yamma zai tarar da abinci da zafinsa, ba wata alama da za ta nuna masa abin da ya faru, alhali waɗansu ƙwayoyin cuta suna barin dafi wanda sake dafawa ba ya kashe shi.

Har ila yau, lantarkin gidajen Amurka bolt 120 ne, na Nijeriya da Nijar kuwa ya kusa ninki biyu na wannan, don haka tukunyar da aka sayo can aka jona a nan ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, ƙonewa za ta yi. Ga kuma zafin ƙasarmu. Ƙa'idarsu ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili, in kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya kawai. A watannin bazara ƙa'idar awa ɗaya ce tamu. Ragowar cushe sai a sa a firiji, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, kuma a kan wuta mai ƙarfi ake ɗumama shi, ba a cikin tukunyar sannu ba.

'Yan'uwa, ba muna cewa a guji wannan tukunya ba ne. Wanda yake da tabbacin wuta, ko kuwa zai kasance a gida ranar hutu yana sa ido, zai more ta ƙwarai, kuma burodin da ya kwana a ɗakunanmu zai sami inda zai shiga maimakon kwandon shara. Abin da muke roƙo shi ne mu saba da tambaya kafin saye: wannan na'ura, me take bukata domin ta yi aiki, kuma shin muna da shi? Gobe waɗansunku ne za su sa hannu a takardun sayo injuna na asibitoci da makarantu da gonaki, inda kuskure zai ci kuɗin jama'a, wani lokaci har da rayukansu. Tambayar da ta kamata a yi a kan tukunya, ita ce za a yi a kan waɗancan.

 Shugaban taro, a shirye muke mu amsa tambayoyi.