Koyar da Zane da Ƙere-ƙere a Makarantun Firamare: Lacca a Gure

Darasin zane da ƙere-ƙere shi ne wanda ake koya wa yaro ya lura da wata buƙata, ya zana abin da zai biya ta, ya ƙera shi da hannunsa, sannan ya gwada ya ga ko ya yi aiki. Gwajin nan da gyaran da ke biye da shi su ne suka raba darasin da aikin hannu na kwaikwayo, inda malami zai saƙa faifai yara su bi sawunsa. A Ingila an mayar da shi darasin dole a firamare tun 1990. A Nijar ma yana da gurbi: dokar ilimi ta 1998, wadda aka sani da LOSEN, ta nemi a haɗa karatu da rayuwar jama'a, kuma malamai sun daɗe da sanin ayyukan hannu da ake kira APP. Abin takaici, a makarantu da dama lokacin nan yakan ƙare a sharar fili da ɗebo ruwa. Shara tarbiyya ce, amma ba ta koya wa yaro tsara komai.

Gure, da ke tsakanin duwatsun Muniyo a kan hanyar Damagaram zuwa Diffa, ba ta rasa matsalolin da za a gina darasi a kansu ba. Babbar cikinsu ita ce rairayi. Kwarurukan da ake noman dabino da rogo da kayan lambu, ake kuma haƙar kanwa, tudun yashi yana matso su shekara bayan shekara, kuma manoman yankin sun san aikin kafa shinge da kara ko rassan kalimbo don tare shi. Wannan aiki yana iya zama darasin makonni ga manyan azuzuwan firamare, wato CM1 ko CM2. Malami zai raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zana shingensa, ya auna tsayi da tazarar kara, ya kafa ƙaramin samfuri a bayan aji ta gefen da iskar hunturu take fitowa. Wasu za su cushe karan, wasu su bar 'yan ƙofofi. Bayan mako guda a auna yashin da ya taru gaba da bayan kowanne. A nan yara za su gane da idonsu cewa shinge mai 'yan ƙofofi yana rage ƙarfin iska ta zubar da yashin da ta ɗauko, alhali wanda aka toshe gaba ɗaya iska takan kewaye shi ta yashe gindinsa. Lissafi ya shigo, zane ya shigo, rubuta rahoto ya shigo, ba a sayi komai ba.

Zafi ma malami ne. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke sanyaya tumatir da alayyaho yayin da ruwan yake bushewa. Yaran CE2 suna iya haɗa irinta, su ajiye ɗaya a inuwa mai iska, ɗaya a ɗaki rufe, su kwatanta.

Ƙananan azuzuwa, CI da CP, su fara da abin da suka riga suka iya: motar kara, tukunyar laka, igiyar kaba. Aikin malami shi ne tambaya. Me ya sa ƙafar motar ba ta juyawa? Me za a canza? Ya kamata a yi wannan hira da harshen da yaro yake tunani da shi, Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci, kafin a ba shi kalmar Faransanci. Jihar Damagaram ta san amfanin haka, domin a nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da harshen gida a 1973.

Babban cikas shi ne horon malamai. Wanda bai taɓa riƙe zarto ba zai ji nauyin koyar da shi, don haka makarantun horon malamai irin ta Askiya Muhammad a Damagaram su ne wurin farawa. Kafin nan, kwamitin kula da makaranta na iya gayyato maƙeri ko tela ko mai gyaran fitilar sola ya zo da kayan aikinsa. Kuma kada a raba aikin a ce maza ƙira, mata saƙa. Yarinya ma ta auna, ta yanka, ta haɗa waya da batir.

Tsaro ba abin sakaci ba ne. Gobarar azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021 ta ci rayukan yara da dama, saboda haka duk gwajin da ya shafi wuta, kamar murhu mai tsimin itace, a yi shi a fili nesa da rumfa, da babba a tsaye. Wajen ba da maki kuwa, a duba zanen farko, da awon da yaro ya rubuta, da gyaran da ya yi bayan gwaji. Shingen da ya faɗi, in mai shi ya iya bayyana dalili, ya cancanci maki fiye da kyakkyawan da wansa ya kafa masa.