Suturar Akwatin Lasifika: Jawabin Kwamitin Sana'o'in Hannu a Taron Shekara



A bana kwamitinmu ya ga dacewar ya ja hankalinku zuwa ga wata sana'a da ba a cika ɗaukarta a bakin komai ba, wato haɗa akwatin lasifika, musamman matakinta na ƙarshe, wanda shi ne lulluɓe akwatin da leda. Babu ɗaurin aure ko walima ko taron siyasa ko wasan ƙwallo da ake yi a garinmu ba tare da an ɗauko hayar lasifika ba. Samarinmu sun iya haɗa akwatunan nan, kuma sautinsu bai kasa na kanti ba. Sai dai mai saye da ido yake fara ciniki kafin kunne ya sa baki. Da ya ga leda ta tattare a kusurwa ko ta ɗago a baki, sai ya naɗe kuɗinsa ya nufi Sabon Gari a Kano, ko ya yi saƙo kasuwar Alaba ta Legas, kuɗin da ya kamata ya kwana a gida ya tafi ke nan.

Irin lasifikar da muke amfani da ita ta samo asali ne daga aikin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana a 1925. Akwatin kuwa ba don ado ake yin sa ba. Aikinsa shi ne ya raba sautin da ke fita ta gaba da wanda ke fita ta baya, domin in suka haɗu sai su cinye juna, kaurin murya ya ɓace. Ita ma suturar tana da tarihinta. A shekarun 1950 kamfanin Fender da yadi yake rufe akwatunansa, sai wajajen 1960 ya koma amfani da Tolex, wani yadi mai fuskar roba na kamfanin General Tire, wanda ya fi jure wa jigilar makaɗa. Namu akwatunan, da ake jibgawa a bayan akori-kura da Keke Napep, sun fi nasu shan wahala.

Abin da ake rufi da shi a wurinmu bai wuce kafet da ledar kujera da sitika ba. Kafet yana rufa wa mugun aiki asiri, shi ya sa wasu ke son sa, amma yana shan ƙurar hunturu, da damina kuma ya riƙe laima. Ledar kujera ta fi kowa ƙarko. A kan shafa gam irin su Evo-Stik a jikinta da jikin katako, a jira kamar minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. Mai gaggawa da ya manna da ɗanyen gam zai ga ledar ta kumbura bayan 'yan kwanaki. Sitika kuwa, mai zuwa da gam ɗinta a baya, ita ce yayi a yanzu, kuma a kanta ne aka fi yin ɓarna.

Dalili na farko shi ne sitika iri biyu ce, ko da yake a ido kusan ɗaya suke. Akwai wadda ake murzawa tsakanin manyan ƙarafa har ta yi faɗi. Wannan ta fi araha, amma ba ta mance asalinta, domin da ta sha zafi sai ta nemi komawa yadda take, ta janye daga baki, gam ya fito fili ƙura ta bi shi. Akwai kuma wadda ake zuba ta tana ruwa-ruwa a gasa ta, irin da ake lulluɓe motoci da ita, wadda ta fi laushi kuma ba ta cika tsukewa ba. A ƙasar da zafin watannin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, baƙin akwati kuma ya wuni a rana a filin biki, arahar ta farko ba ta da ado.

Na biyu, kaurin sitika galibi bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, saboda haka ba ta ɓoye komai. Kan ƙusa, tsagin zarto, har ƙwayar yashi guda, duk za su bayyana a fuskarta. Aikin gaskiya a jikin katako yake. Dole a nutsar da kan ƙusa, a cike ramin da foti, a goge da samfefa mai lamba 120, a bi da mai lamba 220. Masu aiki da katakon MDF mai kaurin milimita 18, wanda garin katako ne aka matse da gam, su sani cewa bakinsa da aka yanka gari-gari yake, sitika ba ta kama shi sai an shafa masa fenti na share fage ya bushe an sake gogewa. Ga shi kuma ba ya shiri da ruwa, don haka akwatin da za a riƙa fita da shi haya gara a yi shi da filawud. Kafin a rufe, a toshe duk mahaɗa daga ciki. Leda ba ta hana iska tsiyaya, kuma akwatin da ke fitar da iska ta gefe fito zai riƙa yi.

Manna ledar kanta aikin haƙuri ne, kuma ya fi kyau a hannun mutum biyu, a ɗakin da aka yayyafa wa ruwa ƙura ta kwanta. A yanka da rarar yatsa uku a kowane gefe, a riƙa ɓare takardar baya kaɗan-kaɗan ana dannawa da katin roba da aka naɗe wa ƙyalle, daga tsakiya zuwa baki. A kusurwa ake gane gwani. A ɗan hura mata zafi ta yi laushi, a kwantar da ita ba tare da an ja ta da ƙarfi ba, domin duk inda aka ja ta fiye da kima nan za ta fara ɗagowa. Bayan an gama, a sake bin wuraren da aka lanƙwasa da zafi na kimanin digiri 90 don ta zauna a sabon halinta. Ramin lasifika da na iska a yanke su da sabuwar reza, a tura bakin ledar ciki inda ƙarfe zai danne ta. A sa wa kusurwoyi hular ƙarfe, a sa mariƙi da ƙafafun roba.

Muna kuma jan kunnen iyayen gidan sana'a: gam ɗin nan yana kama wuta, tururinsa yana bugarwa, kuma duk mun san abin da shaƙar sholisho ta yi wa yaran wasu gidaje. A yi aiki da taga a buɗe, gwangwani ya kwana a kulle. Guntayen leda kuma kada a ƙona su a bakin shago, hayaƙinsu guba ne.

Abin da muke nema a wurinku, mazauna birni, ga shi. Waɗanda ke harka a Sabon Gari da Legas su taimaka a riƙa sayo ledar kirki bandir guda a raba wa masu sana'ar, maimakon yadi-yadin da suke saya da tsada ba tare da sanin irinta ba. Waɗanda ke da sanayya da masu lulluɓe motoci a Kaduna ko Abuja su samar wa yara biyu gurbin koyo na wata uku, ƙungiya ta ɗauki nauyin abincinsu. Sannan akwatuna huɗu da ake shirin saya wa ɗakin taro, muna roƙon a ba samarin gida kwangilarsu, bisa sharaɗin cewa kwamiti zai duba kowane akwati tsirararsa kafin a sa masa leda, kuma ba za a cika kuɗin aiki ba sai sun ga bazara guda. Takardar sa suna tana wurin sakatare.